Margaret Charlton, matar Richard Baxter: asalinta da yadda ake bin salsalar matan limaman cocin da aka tsananta wa a Ingila

Tambaya: Ina nazarin limaman cocin da aka raba da aikinsu a Ingila a 1662. Labarin mazan a cike yake, na matansu kuwa sai an tona. An ce matar Richard Baxter ta bi shi har kurkuku. 'Yar wane gida ce, kuma a waɗanne takardu ake tabbatar da nasabar mata irinta?

Amsa: Malam, ka yi sa'ar zaɓe, domin cikin matan waɗannan limamai kaɗan ne aka san asalinsu kamar yadda aka san nata. Dalilin kuwa ɗaya ne: 'yar masu ƙasa ce. A Ingilar wancan zamani, inda duk aka bar fili da gado to an bar takarda, inda babu dukiya kuwa sunan mace yakan ɓace tun tana da rai. Saboda haka idan kana neman dangin matar limami, ka ajiye takardun mijin tukuna, ka bi sawun dukiyar gidan ubanta: wa ya mutu, wa ya gada, wa ya riƙe marayu, wa ya kai wa ƙara.

Sunanta Margaret Charlton. An yi mata baftisma a Wellington, cikin gundumar Shropshire, a 1636. Mahaifinta Francis Charlton shi ne mai gidan Apley, gida mai ganuwa kusa da Wellington, a yankin da garin Telford ya mamaye yau. Gidan tsoho ne: tun 1327 Alan Charlton ya karɓi izinin sarki na yi masa ganuwa. A tsatson nan akwai John Charlton da ya zama mai mulkin Powys, wani yanki na Wales, ta hanyar aure, da Thomas Charlton da ya yi bishop na Hereford daga 1327 zuwa 1344. Amma a nan akwai tarkon farko. Ganin suna ɗaya a kan gida ɗaya shekara ɗari uku ba ya nufin uba ne ke miƙa wa ɗa ba yankewa. A wani mataki gadon Apley ya bi ta hannun mace, Anna Charlton, wadda ta auri William Knightley, ɗansu Thomas kuma ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na gidan uwarsa. Masu ƙasa a Ingila sun saba da haka, don suna ya tafi tare da fili. Duk wanda ya jera Charlton bisa Charlton bai duba wannan gaɓa ba, ya haɗa bishiyar da reshenta ɗaya dashe ne.

Tarko na biyu na wuri ne. Apley biyu ne a Shropshire. Na kusa da Wellington shi ne na su Charlton. Ɗayan yana kusa da Bridgnorth, na gidan Whitmore ne, ba abin da ya haɗa shi da Margaret. Haka kuma akwai reshen Charlton da ya zauna a Ludford, inda Sir Job Charlton ya fito, alƙalin da ya riƙe shugabancin majalisar wakilai na ɗan lokaci a 1673. Kar ka zuba takardunsu a jaka ɗaya da na Apley sai ka ga gaɓar da ta haɗa su a rubuce.

Abin da ya juya rayuwar gidan shi ne mutuwar mahaifin a 1642, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa. Ya bar mata mai suna Mary da ƙananan yara, cikinsu har da ɗa namiji tilo, shi ma Francis, wanda shi ne magaji. Baffan yaran, Robert Charlton, ya nemi riƙon yaron. Uwar ta ƙi, kuma tana da hujja: idan yaron ya mutu, baffan ne mai bi masa a gado. Ta sake aure, ta auri Thomas Hanmer, mutumin ɓangaren sarki, aka girke sojojin sarki a gidan. A watan Maris na 1644 sojojin majalisa suka far wa Apley suka ci shi da yaƙi. Baxter ya rubuta cewa an ƙona wani sashe, an kashe mutane a gaban yaran, an tuɓe musu tufafi. Margaret tana 'yar shekara bakwai a lokacin. Yaran suka faɗa hannun baffan, daga baya uwar ta yi dabara ta sato su ta ɓoye su a Essex. Da yaƙi ya lafa ta riƙe dukiyar ɗanta a matsayin mai riƙo, ta biya basussuka, ta gyara abin da ya rushe. Firgicin da mijinta ya ce ya zauna wa Margaret har ƙarshen ranta, a nan ya samo tushe.

Ka lura da abin da aure na biyu ya yi wa bincike. Daga wannan lokaci uwar ta daina zama Mary Charlton a takarda, ta koma Mary Hanmer. Wanda ke neman mutuwarta ko wasiyyarta a ƙarƙashin Charlton zai gaji bai samu ba, har ya yanke cewa ta mutu tun yaran suna ƙanana. Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a bin dangin uwa. Da zarar bazawara ta ɓace maka a kundi, ka nemi ɗaurin aurenta na gaba kafin ka nemi jana'izarta.

Bayan ɗan ya girma ya karɓi gidansa, uwar ta koma Kidderminster, inda Baxter yake wa'azi. Margaret ta zauna wani lokaci a Oxford wurin yayarta, matar Ambrose Upton, ɗaya daga manyan limaman cocin Christ Church na Oxford, sannan ta biyo uwarta. A can wa'azin Baxter ya shige ta, ta yi wata doguwar jinya da aka fid da rai, ta warke. Da Baxter ya tafi Landan a 1660, ita da uwarta suka bi. Uwar ta rasu a farkon 1661, aka binne ta a cocin Christ Church da ke titin Newgate a Landan.

An ɗaura aurensu ranar 10 ga Satumba 1662 a cocin St Benet Fink a Landan, Samuel Clarke ne ya ɗaura. Baxter an haife shi 12 ga Nuwamba 1615, ke nan yana dab da cika 47. Za ka ga wasu sun rubuta cewa amaryar tana da 23. Idan ka lissafa daga baftismar 1636, tana wajen 26 ne. Inda shekarun da aka faɗa da baki suka saɓa da kundin coci, kundin ake bi, sai dai in akwai alamar an jinkirta baftisma, ko kuma wadda ke kundin wata 'yar ce da ta mutu aka mayar da sunanta ga ƙanwarta. Wannan mayar da suna ya yawaita ƙwarai, don haka duk baftismar da ka samu, ka duba jerin jana'iza na shekaru goma masu biye kafin ka amince.

Kafin auren Baxter ya kafa sharuɗɗa uku: ba zai mallaki komai daga abin da take da shi kafin aure ba, za ta daidaita harkokinta yadda ba za a ja shi shari'a ba, kuma ba za ta nemi lokacin da aikin wa'azi ke bukata ba. Sharaɗi na biyu ya kamata ya tsayar da mai bincike. Mutum ba ya gudun shari'a sai inda ake yin ta. Yana gaya maka a fakaice cewa rigimar gado ba ta mutu ba a gidan, kuma kotun da ke sauraron irin wannan ita ce ta Chancery, wadda takardunta ke ma'ajiyar ƙasa a Kew, cikin Landan. Ƙarar gado takan jera dangi dalla-dalla, wane ɗan wane, wance matar wane, domin kowane ɓangare sai ya nuna ta inda haƙƙinsa ya biyo. Sharaɗi na farko kuma yana da nauyi saboda dokar zamanin: da zarar mace ta yi aure, kayanta masu motsi sun zama na miji, ba ta rubuta wasiyya sai da yardarsa. Shi ya sa ba a cika samun wasiyyar matar aure ba, ta bazawara da ta gwaggo marar aure kuwa ita ce zinariya, don su ne ke rabon zobe da cokali da fam biyar-biyar ga 'ya'yan 'yan'uwa, kowa da cikakken sunansa na aure.

Sai ka san irin tsanantawar da kake magana a kai, domin iri biyu ce a ƙarni ɗaya, kuma takardunsu daban. A shekarun 1640 majalisa ce ta kori limaman da ke goyon bayan sarki da bishop-bishop. Su an yarda a ba matansu da 'ya'yansu kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar cocin, don haka akan sami koken matar da sunanta. John Walker ya tattara labarinsu a 1714. Bayan dawowar sarauta a 1660 kuwa reshe ya juye da mujiya. Dokar 1662 ta ce kowane limami ya bayyana cikakkiyar yarda da Littafin Addu'a na Cocin Ingila kafin 24 ga Agusta, kuma bishop ne ya naɗa shi. Kimanin 2000 ne suka rasa aiki tsakanin 1660 da 1662. Su ba a ware wa iyalinsu komai ba, ranar da aka sa kuma ta riga 29 ga Satumba, lokacin karɓar ushirin amfanin gona, don haka suka fita hannu rabbana. Edmund Calamy ya tattara nasu labarin tun daga 1702, A. G. Matthews ya tace shi a 1934 ya ƙara bayanan wasiyya da na aure. Da aikin Matthews ake farawa. Shi Baxter ya rasa Kidderminster tun 1660 da aka mayar da tsohon limaminta George Dance, ya ƙi kujerar bishop na Hereford da aka yi masa tayi, ya kuma yi wa'azin bankwana tun 25 ga Mayu 1662, bai jira wa'adin ba. Margaret ta auri mutumin da ta san ba shi da albashi.

Dokokin da suka biyo baya su ne suka haifar da takardun da za ka nema. Ta 1664 ta hana taron ibada a wajen Cocin Ingila na mutum biyar ko fiye ban da mutanen gida. Ta 1665 ta hana korarren limamin da ya ƙi rantsuwa kusantar garin da ya yi aiki ko gari mai majalisar kansa da ƙasa da mil biyar. Ta 1670 ta sa tara: mai sauraro sule 5 a karon farko, sule 10 a na biyu, mai wa'azi fam 20 sannan fam 40, mai gidan da aka taru fam 20, kuma kashi ɗaya cikin uku na tarar na wanda ya kai tsegumi ne. Lissafin kuɗin irin wanda kakanninmu suka sani ne, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Waɗannan hukunce-hukunce suna cikin kundin zaman kotun gunduma na kowane wata uku, kuma sukan lissafa waɗanda aka kama a taro ɗaya. Ka karanta jerin duka, kar ka tsaya a sunan limamin. Sau da yawa surukarsa da ƙannen matarsa suna ciki. Haka lasisin da Sarki Charles na biyu ya bayar a 1672, kafin a janye sassaucin a 1673, ya ambaci gidajen da aka yarda a yi ibada a cikinsu da sunan masu su, zawarawa da yawa a ciki.

Maganar kurkuku gaskiya ce. Sun zauna a Acton, kusa da Landan, tun 1663, mutane na taruwa a gidansu. A watan Yuni na 1669 aka kama Baxter aka yanke masa wata shida a kurkukun Clerkenwell. Margaret ta ɗauki gadonta mafi kyau ta tare a can tare da shi, kuma ya shaida cewa bai taɓa ganinta cikin walwala kamar lokacin ba. An sake shi kafin wa'adin saboda kuskure a takardar tsarewar. Suka koma Totteridge, daga baya Bloomsbury a 1673. Ita ta kama hayar ɗakin da ke saman kasuwar St James don wa'azi, ita ta tsaya aka gina majami'a a titin Oxendon a 1675, inda sau ɗaya kawai ya samu ya yi wa'azi kafin a zo kama shi, aka kama wanda ya tsaya a madadinsa. Duk wannan hidima da dukiyar da ta zo da ita daga gidansu da abin da ta roƙo wurin masu hali aka yi ta. A ganina wanda bai san Apley ba, ba zai gane yadda Baxter ya yi shekara 19 yana rubutu da wa'azi ba tare da albashin coci ba.

Ka kwatanta da gidan John Bunyan, mai gyaran tukwane na Bedford da ya yi shekara 12 a tsare. Matarsa ta biyu Elizabeth ta tsaya gaban alƙalai a 1661 tana roƙon a sake shi, cikinsu har da Sir Matthew Hale, wanda daga baya ya zama maƙwabcin su Baxter a Acton. Ƙarfin halinta ya shiga tarihi, sunan gidan ubanta bai shiga ba. Matarsa ta fari kuwa ko sunanta na yanka ba a rubuta ba. Abin da ciwo, amma haka takardun suke: sun bi fili, ba su bi jarunta ba.

Yanzu ga tsarin aikin. Ka fara da ɗaurin aure, don shi kaɗai ke haɗa sunan miji da sunan gidan mace a layi ɗaya. Idan da lasisi aka yi, ka nemi takardar rantsuwar neman lasisin, wadda kan faɗi shekarun amarya, unguwarta, da wanda ya ba da izini in ba ta kai 21 ba. Daga nan ka koma kundin cocin garinsu. An wajabta ajiye kundin baftisma da aure da jana'iza a 1538, aka umarci a kwafe shi a fata a 1598 tare da aika wa bishop kwafi duk shekara. In asalin ya lalace, kwafin bishop ne madogara. Wellington tana ƙarƙashin bishop na Lichfield, kudancin Shropshire kuwa na Hereford, don haka dangi ɗaya na iya rabuwa a ma'ajiya biyu. Kundin cocin kansa a ma'ajiyar Shropshire da ke Shrewsbury ake nemansa.

Shekarun 1642 zuwa 1660 su ne ramin da yawancin bincike ke faɗawa. Limamai sun gudu, kundaye sun ɓace, daga 1653 kuma aka mayar da ɗaurin aure gaban alƙalin sulhu, aka koma rubuta ranar haihuwa maimakon ta baftisma. Abin da ke cike ramin shi ne wasiyya. Daga 1653 zuwa 1660 duk wasiyyar Ingila da Wales a Landan aka tabbatar da ita, tana cikin rukunin PROB 11 a Kew, ana kuma samun kwafinta ta intanet. A sauran shekaru rukunin ya ƙunshi wasiyyar wanda ya bar kayan fam 5 ko fiye a yankin bishop sama da ɗaya. Ga gidan da ya bi sarki a yaƙi, kamar na mijin uwar Margaret, wurin dubawa shi ne SP 23, takardun kwamitin da ya ci 'yan ɓangaren sarki tara, inda mutum kan lissafa filayensa da rabon matarsa da basussukansa don a rage masa. Binciken da ake yi bayan mutuwar mai riƙe da ƙasar sarki, rukunin C 142, yakan faɗi sunan magaji da shekarunsa. Akwai kuma salsalar da jami'an tambarin gidaje suka rubuta a zagayensu na Shropshire a 1623. Ta riga haihuwar Margaret, amfaninta na iyaye da kakanni ne. Ka yarda da ita a kan mutum biyu ko uku na kusa da wanda ya ba da bayanin, abin da ya haura haka sai an gwada shi da takardar fili, don kowane gida na son tsawaita asalinsa.

Kwanan wata na yaudara. Har 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne 25 ga Maris. An kashe Sarki Charles na ɗaya ranar 30 ga Janairu 1649 a lissafinmu, takardun ranar kuwa 1648 suka rubuta. Don haka mutuwar Mary Hanmer a farkon 1661 za ta iya fito maka da 1660. Duk abin da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, ka rubuta shekarun biyu tare, in ba haka ba za ka haifi yaro kafin auren iyayensa ko ka binne mutum kafin ya rubuta wasiyya. Kalmomin zumunta ma ba su da tabbas: kalmar da yau ke nufin ɗan baffa ko ɗan kawu a lokacin tana rufe kowane dangi, wadda ke nufin suruki tana iya nufin agola, "ɗan'uwa" na iya zama mijin ƙanwa ko abokin ibada, laƙabin da yau ake ba matar aure kuma ana ba budurwa 'yar babban gida. Rubutun suna ya danganta da kunnen magatakarda: Charlton, Charleton, Cherleton duk gida ɗaya ne. Francis na namiji da Frances na mace sukan rikiɗe a hannu ɗaya.

Margaret ta rasu ranar 14 ga Yuni 1681, aka binne ta 17 ga wata a kabarin uwarta, cikin kufan Christ Church da gobarar Landan ta 1666 ta cinye, har dutsen da ta sa wa uwar ya farfashe. John Howe ne ya yi wa'azin jana'iza. Ba ta ga shari'ar 1685 ba, wadda alƙali Jeffreys ya ci mijinta tarar mak 500, wato fam 333 da sule 6 da kwabo 8, aka tsare shi har ƙarshen 1686. A shekarar rasuwarta Baxter ya buga taƙaitaccen tarihinta, wanda aka fi sani da Breviate, kuma shi ne tushen yawancin abin da aka sani game da halinta. Ka karanta shi da sanin cewa shi da kansa ya faɗa abokai sun ba shi shawara ya cire abubuwa da dama na danginta da na yadda auren ya ƙullu, ya kuma cire. Labarin baffa Robert ma ta bakin ɓangaren uwar ya iso gare shi. Wasiƙun Baxter, waɗanda ɗakin karatu na Dr Williams ya adana, an buga jadawalinsu a 1991, nan ne za ka ga wasu daga 'yan'uwanta suna shigowa da sunansu.

Ba su haihu ba. Duk bishiyar nasaba da ka gani a intanet tana saukowa daga Richard Baxter da Margaret, kuskure ne, galibi an ɗauki wani Baxter ne daban aka liƙa. Jinin gidan ya ci gaba ta wurin ƙanenta Francis, wanda zuri'arsa ta riƙe Apley, ta gina sabon gida a can a shekarun 1790, daga baya magajin gidan ya ɗauki sunan Meyrick na gidan uwarsa, aka rushe shi a 1955. Idan za ka bi ɓangaren mata, ta gidan Upton za ka shiga, ka fara da wasiyyar Ambrose Upton da kundin cocin da ya zauna bayan barinsa Oxford.